Kurege da Ledar da Ƙasa ke Ci

Ga wata nan tafe da ƙura a ƙafa, ku matsa mata ta zauna.

A shekarar da ɗan Barewa ya haɗiye leda, cikinsa ya kumbura kamar tulu har aka fid da rai, Giwa mai riƙe da kasuwar daji ta kafa doka: duk mai sayar da abinci ya ƙunshe shi a abin da ƙasa za ta iya cinyewa. Masu alale suka koma ganyen ayaba. To, ayaba tana can bakin kogi inda Kada ke shan hantsi, Kurege kuwa ba ya son doguwar tafiya, balle Kada, ga cikinsa yana ta kiran ciroma.

Sai ya tsinto ledoji a juji, ya dafa alale a ciki, ya kwaɓa garin kuka ya shafe bayansu. Suka bushe, kore shar. Ya kafa tebur yana kirari: "Ni ne Kurege mai ledar ganye. Yau ka binne, gobe ta zama taki. Ganyen ayaba in ya gan ta sunkuyar da kai yake yi."

Kura ta zo ta cinye ƙulli guda, ta jujjuya ledar, ta ce ita fa ba ta yarda ba. Kurege ya ce gani ya kori ji. Ya binne ledar a gabanta, ita kuma ta zauna daram a kan wurin, ta rantse ba za ta motsa ba. Ta manta sana'ar gidan su Kurege tono ce. Ya shige raminsa, ya biyo ta ƙarƙashinta, ya janye abarsa.

Da gari ya waye aka tona, ba leda ba dalilinta. Kura ta bi kasuwa tana shaida cewa har ɗumin narkewarta ta ji. Gyaɗa ta fara zubo wa Kurege, kumatu suka ciko.

Ɓauna dai bai gamsu ba, ya ce sai masani ya duba. Da gari ya waye sai ga wani gajeren baƙo da rawanin da ya fi shi girma, ya cusa jela cikin wando, wai shi ne Malam Tantance daga birni. Aka tambaye shi ina Kurege, ya ce ya gan shi ya zaga bayan gari. Ya lashi ledar, ya lumshe ido, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin ganye mai tarbiyya irin wannan ba. Ɓauna ya ji kunya, ya cika masa buhu da gyaɗa.

Labari ya kai wa Giwa, ta ba Kurege aikin alalen sunan jikarta. Aka ci aka ƙoshi, aka binne ledoji tuli. Kurege ya yini yana jan su ta ƙasa yana cusawa a raminsa, har ya cika maƙil.

Da gari ya waye hadari ya haɗu, aka sheƙe da ruwa. Ruwa ya shiga ramin, ya rasa hanya, ya amayo ledojin tsakiyar kasuwa. Kukar ta jiƙe ta saki yauƙi. Giwa ta taka, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas. Barewa ta ɗago leda guda, fara fat, ta kai gaban Giwa.

Giwa ta ce, "Kurege, ba waɗannan ne ka ce ƙasa ta cinye ba?"

"Ranki ya daɗe, ai tsirowa suka yi. Abin da aka binne da damina, me zai hana shi fitowa?"

Kura har ta fara gyaɗa kai. Ɓauna kuwa ya sunkuyar da ƙaho. Kurege ya zabura ya nufi raminsa, kai ya shiga, sauran jiki ya ƙi, leda ta toshe ko'ina. Nan Ɓauna ya same shi, ya yi sama da shi, ya faɗo can cikin ƙaya.

Ya miƙe yana ɗingishi, jela ta karkace, ya kama hanyar wata kasuwa. Ya ci karo da Kunkuru, wanda ya tambaye shi wa ya yi masa wannan aika-aika.

Kurege ya kakkaɓe jiki ya ce, "Mutanen can ba su san darajar gwani ba. Na kawo musu ledar da ke tsiro, ko sannu babu."

Ƙurunƙus, ta ƙare, kowa ya tsince ledarsa kafin ya tashi.