Ruwan da ya Tsaya a kan Hula

An ce a garin Tudun Gawo an yi shekara biyu ana fari, har irin gero ya ƙare, sai ƙwarya arba'in da ta rage a rumbun Sarkin Noma Jatau. In aka shuka ta ta ƙone, to garin ya tashi ke nan.

Ran nan da hantsi hadari ya haɗo daga gabas. Mutane suka cika ƙofar gidan Jatau, kowa da sungumi a kafaɗa, makaɗi ya rataya ganga, ana jiran Jatau ya ɗaga hannu a buga ta a fita shuka. Isiyaku malamin gona ya faɗo zaure yana haki, ya gyara tabarau.

"Ranka ya daɗe, rediyo ta faɗa, da Turanci ma! Cewa suka yi shower. Ruwa ke nan. A buɗe rumbu!"

Jatau ya fara ɗaga hannu, sai ya ji an ce "Shower!" daga saman azara, da muryar Isiyaku sak, har da hakin. Ashe tsattsewa ce, wadda ciwon fiffike ya hana ta bin 'yan'uwanta Ingila bana.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, kafin a taɓa ganga, bari in ba ka labarin tsohuwar da nake yin sheƙa a rumfar shanunta can Ingila."

Jatau ya dubi sama, ta yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Yi sauri."

Tsattsewa ta ce, "Sunanta Mabel. Ƙasarsu ruwa ba ya yankewa, shi ya sa suka tara masa sunaye. Mai laushi kamar gari, drizzle. Mai zubowa kamar da bakin ƙwarya, downpour. Shower kuwa, tun kakanninsu, shi ne abin da ya zubo farat ɗaya ya wuce, ko ruwa ko kibiyoyin yaƙi. Sai ta leƙa taga ta ce da hanci, 'Shower ne, kafin shayina ya huce ya ɗauke.'

"Wata rana maƙwabcinta ya zo sallama, wai za shi ƙasashen zafi ya koya wa mutane noma. Ta ce, 'Zauna ka ji yadda kakana ya ƙare.'

"Ta ce, 'An tura kakana wata ƙasa mai zafi ya sa a noma auduga. Ruwan farko ya sauko, ya jiƙa masa hula har yana bin wuyansa. Ya ce a shuka. Wata mata, Tabawa, ta durƙusa ta tona ƙasa da hannu, ta miƙo masa busasshiyar turɓaya. Ya ce da mai yi masa fassara, gaya mata na jiƙe sharkaf. Ta ce, gaya masa ba a kansa za mu yi shukar ba. Ya ƙi ji. Iri ya tsiro, rana ta buɗe kwana ashirin, ya ƙone ƙurmus. Har kakana ya mutu yana cewa, kalmominmu na ruwa a kan hula suke tsayawa, na mutanen can sai sun shiga ƙasa.'

"To, ranka ya daɗe, kalmar da aka kawo maka ta masu neman laima ce, ba ta masu neman tuwo ba."

Aka yi tsawa. Isiyaku ya ce, "Haba, Sarki! Tsuntsuwa za ka bi ka bar rediyo? In wannan ya wuce mu fa?"

Ruwa ya kece. Waje ya ɗauki ihu, "A buɗe! A buɗe!" Amma Jatau ya je ya jingina bayansa da rumbu, ruwa na dukansa. Ba a jima ba sama ta washe.

Jatau ya durƙusa a gaban jama'a, ya tona ƙasa. Danshi gaɓa biyu na yatsa, daga nan sai turɓaya. Ya ɗebo ta, ya ɗaga, iska ta kwashe.

Ya ce, "Rediyo ba ta yi ƙarya ba, Isiyaku. Shower ta ce, shi aka yi." Ya ɗaga kai wajen azara. "Na ji, tsattsewa. Ba za a taɓa ganga ba sai danshi ya kai min gwiwar hannu."

Makaɗi ya sauke gangarsa. Ƙwarya arba'in ta kwana a rumbu, ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba.