Akantan Da Ya Ƙi Rubuta Farashin Jiya

Akwai wani bawan Allah da nake so ku ji abin da ya same shi, 'yan uwa. Akanta ne a wani kamfanin zuba jari, shekara goma sha bakwai yana kan tebur ɗaya kusa da taga. Abokan aiki suna kiransa Baba Sikeli, don ko kuɗin shayi aka haɗa sai ya raba wa kowa canjinsa daidai.

Duk ƙarshen shekara shi ke auna darajar kadarorin da kamfanin ya zuba kuɗin jama'a a ciki. Ka'idar a fili take: darajar abu ita ce abin da mai saye zai biya yau, ba abin da ka biya ranar da ka saya ba.

A shekarar, kamfanin ya narka rabin kuɗin mutane a hannun jarin wata masana'antar gilashi, sai masana'antar ta durƙushe. Baba Sikeli ya duba kasuwa, wata huɗu ba wanda ya taya hannun jarin. Ya kira dillalai uku, mai tausayin cikinsu ya ce abin da aka saya ɗari, yanzu ko talatin sai da roƙo. Ya je masana'antar da ƙafarsa, ya tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa ta fito inda manyan motoci ke lodi.

Ya rubuta talatin, ya kai wa Manaja.

Manaja ya cire tabarau ya dube shi. "Baba, so kake ka kashe mu? Ai ba mu sayar ba, ina asara? Rubuta ɗari yadda muka saya."

"Ranka ya daɗe, da wannan takardar mutane ke yanke shawara. In na rubuta ɗari, na yi musu ƙarya."

"Wato kai kaɗai ne mai tsoron Allah a ginin nan? Ajiye, ka je."

Kafin sati ya zagayo an mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a ƙasan bene, ba taga, sai fanka mai ƙara. Wani abokin aikinsa da ya daɗe yana hangen kujerarsa ya sa hannu kan ɗari. Rahoto ya fito mai sheƙi, da hoton Manaja yana murmushi.

Sau biyu Baba Sikeli ya rubuta wa shugabannin kamfani, ko amsa babu. Barin aiki kuma ba nasa ba ne, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Kullum daga bakin ƙofarsa yana kallon layin masu kawo kuɗi, direbobi, 'yan fansho, mata masu ƙananan sana'o'i. Sai ya koma ciki ya zauna, ya rasa inda zai sa kansa.

Wata rana yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta shigo masa da fara'a. Ta sayar da filin da marigayi mijinta ya bari, za ta zuba kuɗin a kamfaninsu.

"Yaya, don girman Allah kada ki sa."

"Saboda me, Auta?"

Ya yi rantsuwar riƙe sirrin aiki, kuma ya san in maganar ta fita daga wajensa, shi za a fara ɗaurewa.

"Ba zan iya faɗa ba. Ki dai ji maganata."

Ta yi tsaki. "Tun da suka sauke ka daga kujera kake jin haushinsu. Na ga rahotonsu da idona."

Yana tsaye yana kallo ta shiga layi.

Bayan wata takwas masu binciken hukuma suka dira. Cikin fayil suka tsinci takardarsa mai talatin da wasiƙunsa biyu. Aka gurfanar da Manaja da wanda ya sa hannu a kotu. Shi kuma aka dawo da shi kujerarsa, aka ce ya sake auna komai. A lokacin hannun jarin ya sauko ashirin. Da hannunsa ya rubuta lissafin da ya cinye kusan rabin kuɗin filin yayarsa.

Ana ta yi masa barka, shi kuwa ko abinci ya kasa ci. Ya ɗauki takardar ya tafi gidanta, ya durƙusa a gabanta da furfurarsa.

Ta dube shi. "Ka sani tun ranar?"

"Na sani, Yaya."

Ta share hawaye da gefen mayafi. "Tashi daga ƙasa. Ka faɗa, ni ce na toshe kunne. Karanta min abin da ya rage, a hankali, idona ba ya gani sosai."

Ya karanta mata.

Darasi: Ƙara wa abu daraja a takarda ba ya hana asara, yawan waɗanda za ta cinye kawai yake ƙarawa. In an ba ka amanar lissafi, rubuta abin da ka gani ko da za a wulaƙanta ka. In kuma mai gaskiya ya ce ka dakata, to ka dakata. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana kan layin yanzu.