Manomin da Ya Jira Gaisuwa

Akwai wani manomi da yake zaune a kan tudu, ƙanensa kuwa yana can kwari a bakin kogi, yana noman shinkafa. Sun yi faɗa a kan iyakar gonar mahaifinsu, har suka daina gaisawa.

Wata damina sai babbar guguwa ta taso daga teku, ta koro hadari zuwa cikin ƙasa. Aka yi ta sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran da aka ɗan sarara, manomin ya tafi kasuwa a wani gari da ke gaba da su ta inda kogin yake gangarowa. Masunta suka ce masa, "Kogi ya cinye ƙauyukan da ke sama, ga shi nan tafe. In kana da kowa a kwari, ka ce ya tashi yau."

Da yake komowa, hanya ta bi da shi ta ƙofar ƙanensa. Ya same shi yana gyaran danga. Ƙanen ya ɗaga kai, suka haɗa ido. Manomin ya ce a ransa, "In ya gaishe ni, zan faɗa masa." Ƙanen ya sunkuyar da kai. Sai manomin ya wuce, yana cewa, "Shinkafarsa ce kawai za ta tafi. Bari shi ma ya ɗanɗana asara."

Washegari da hantsi ruwan ya iso. Ƙanen ya fitar da matarsa da 'ya'yansa, ya koma kwance awaki. Bai fito ba.

Manomin ya ɗauki matar da marayun ya kai su gidansa. Mutanen gari suka yi ta yabonsa, suna cewa ba a taɓa ganin ɗan'uwa irinsa ba. Bayan an gama zaman makoki matar ta ce masa, "Yaya, ran da ka wuce ɗin nan, ya shigo ya ce mini, 'Na so in gai da Yaya, kunya ta hana ni. Gobe zan hau in roƙe shi gafara.'"

Manomin ya rayu har ya tsufa ana yabonsa, bai kuwa sake jin daɗin abinci a bakinsa ba.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: kogin shi ne ranar da ba ta jiran mu shirya. Manomin kuwa mu ne, duk lokacin da muka riƙe maganar da za ta ceci wani domin muna fushi da shi. Mutumin nan bai ɗaga wa kowa hannu ba, ba alƙalin da zai kama shi, amma Ubangiji ya ga inda ya tsaya ya yi shiru. A cikinmu yau akwai mai jiran a fara gaishe shi. Kada ka jira. In an tashi sujada, ka bi ta ƙofar ɗan'uwanka, ka yi sallama tun yana nan da zai amsa.