Batirin da Aka Kai Falo

Akwai wani mutum da ya gaji gidan mahaifinsa a gangaren gari, inda ruwan unguwa duka yake sauka idan an yi ruwan sama. A ƙuryar gidan akwai wani tsohon ɗakin ƙasa, a ciki kuwa mahaifiyarsa take kwance, gama ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ya roƙe ta ta koma ɗakin bulo, ta ƙi. Ta ce a nan mijinta ya ajiye ta, a nan za ta jira kiran Ubangiji.

Saboda haka mutumin ya haƙa rami a bayan ɗakin, inda ruwa yake kwanciya, ya shafe shi da siminti, ya sa injin da yake zuƙe ruwan ya tura shi kwata. Amma injin da wutar lantarki yake aiki, kun kuwa san halin wutarmu, da hadari ya taso ita take fara gudu. Sai ya kira mai haɗa wuta ya kafa masa inji na biyu, ƙarami, mai aiki da batir. Mai aikin ya ɗaure shi a cikin ramin, ya ɗora batirin a kan kanta, ya jona shi da caja. Sa'an nan ya kashe wuta, ya zuba ruwa bokiti shida. Ƙaramin injin ya tashi da kansa, ya kwashe ruwan tas.

Da mai aikin zai tafi ya ce, "Maigida, ka bar batirin nan a kan cajarsa. Ba shi da aiki sai ranar da ga ruwa babu wuta. Kada ka ga yana zaune ka ce zaman banza yake yi."

Bazara ta zo da zafinta, wuta kuwa sai an ga dama. Wata rana mutumin yana ta fifita da kwali, sai ya tuna da batirin. Ya ce a ransa, "Ko girgije babu a sama. Bari in ara, in mayar kafin damina." Ya ciro shi, ya kai falo, ya jona fanka. Maƙwabta suka ji labari, suka fara zuwa da wayoyinsu. Wannan ya ce, "Allah ya ƙara buɗi," wancan ya ce, "Kai ne hasken unguwar nan." Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai, har yakan fito da tabarma domin masu jiran caji.

Damina ta sauka, batir yana falo. Matarsa ta ce, "Baban Ƙauna, ba za ka mayar da abin nan wurinsa ba?"

Ya ce, "Da wane ido zan kalli mutane in ce su koma da wayoyinsu? Ai babban injin yana aiki."

Gaskiya ne, an yi ruwa sau uku, duka kuwa da wuta. Wannan ya ƙara masa taurin kai.

A cikin Agusta aka ɗauke wuta kwana uku, wayoyin unguwa suka tsotse batirin. A rana ta huɗu, wuta ba ta dawo ba, ruwa ya tsinke tun da safe, har azahar bai tsagaita ba. Ramin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kewaye ɗakin ƙasa yana cin gindinsa. Matar ta shiga ta gwada ɗaga tsohuwar, ta kasa. Ta fito da gudu ta ce, "Zo mu fitar da Mama!"

Ya ce, "Tsaya in jona batir, yanzu ruwan zai janye."

Ya ɗauko shi a ka, ya ratsa ruwa har gwiwa, ya jona. Injin ya yi gurnani kaɗan, ya yi shiru. Ya cire, ya goge, ya sake jonawa. Yana cikin haka bangon ya zauna, rufin ya bi shi. Maƙwabtan nan masu caji su ne suka taya shi tone ƙasa da hannu, amma sun makara. Washegari aka binne tsohuwar.

Ma'anar wannan misali ita ce, babban injin shi ne abubuwan da muke dogara gare su kullum: lafiya, aiki, da mutanen da suke tsaya mana. Suna da kyau, amma sukan ɗauke a daidai ranar da muka fi bukatarsu. Ƙaramin injin shi ne bangaskiya, cajarsa kuwa addu'a ce da Maganar Allah. Ku lura, mutumin nan ba arne ba ne, ba kuwa ɓarawo ba. Ara kawai ya yi. Haka mu ma muke arar lokacin addu'a mu ba barci, mu ari ranar Lahadi mu ba kasuwa da biki, domin muna jin kunyar mutane fiye da yadda muke tsoron Allah. Sai ranar wahala mu ɗauko bangaskiyar a guje, mu tarar babu komai a cikinta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, bangon bai faɗa wa mai laifin ba. Kowannenmu akwai wanda yake kwance a ƙarƙashin addu'arsa, ko ɗa, ko mata, ko tsoho, wanda ba zai iya tashi ya fita da kansa ba. In ka yi sakaci, shi zai fara biya, kai kuwa ka rayu kana tunawa.