Kwanar Jatau

Dalilin da ya sa hanyarmu ta zuwa Maje take yin muguwar kwanar nan a tsakiyar fili, inda babu dutse babu rafi, shi za ku ji yau. Kai Mati, bar tsokanar ƙanwarka ka buɗe kunne, ai kai ne mai tambayar.

A da can babu hanya tsakaninmu da Maje. Kurmi ne ya raba mu, sarƙaƙiya da ƙaya, ko akuya ba ta ratsa shi. Mai son zuwa sai ya zagaya ta bakin kogi, ya kwana a hanya. Kuma dama ba ma ga maciji da mutanen Maje. Wai mu ne masu wayo, in ji su. Ji fa!

A garin nan akwai wani mutum, Jatau, shi ke shugabantar aikin gayya. Mahaifiyarsa, Inna Tambai, 'yar Maje ce, ta koma gidansu bayan rasuwar ubansa. Tsufa ya kama ta, zagayen kogi ya fi ƙarfinta. Ba abin da Jatau yake so a duniya kamar ya ɗauko ta, ta ƙarasa kwanakinta a gidansa.

Ran nan ya sami Korau, shugaban gayyar Maje, a kasuwar bakin kogi. Ya ce, "Korau, mu fasa kurmin nan mu huta. Ku faro daga can, mu faro daga nan. Kowane gari ya hura wuta a kan tudunsa, ya zuba mata ɗanyen ganye. Ku nufi hayaƙinmu, mu nufi naku, mu haɗu a tsakiya."

Korau ya yi murmushi ya ce, "Madalla, na yarda."

To, saurin yardar nan ne ya tsaya wa Jatau a rai. Yana tafe gida yana saƙe-saƙe. Mutumin Maje ya yarda da magana ba ko gardama? Har da murmushi? Lalle akwai wata a ƙasa.

Aka dai fara aiki. Masu gatari a gaba, masu adda a bayansu, masu fartanya suna tumɓuke kututture suna daidaita ƙasa, makaɗa suna zuga su. Kullum da safe Jatau yakan hau bishiya ya hango hayaƙin Maje, sannan ya nuna inda za a sara. Wata safiya ya sauko fuska a murtuke.

Ya ce, "Jiya hayaƙin nan daidai kan kukar can yake. Yau ya koma hagu."

Wani dattijo ya ce, "Haba Jatau, iska ce ta kwantar da shi."

"Iska? Iskar nan sunanta Korau. Ya matsar da wutar ne don mu bi ta inda yake son yin gona, mu share masa daji a banza. Ba da ni ba! Ku karkata dama."

Aka karkata dama, aka ci gaba da sara.

Ana cikin haka wani bafatake ya iso ta zagayen kogi, ya ce Inna Tambai tana kwance, jiki ya yi tsanani. Hankalin Jatau ya tashi. Amma ya ce ai an kusa tsakiya, zagaye ɓata lokaci ne. Da gari ya waye ya tara mutanensa, suka yi ta sara kamar ba gobe. Suka kai tsakiyar kurmi, babu mutanen Maje. Suka wuce, shiru.

Wajen azahar sai suka ji kira daga bayansu, ta hannun hagu. "Jatau! Jatau!" Muryar Korau ce.

Jatau ya ɗaga hannu ya ce a hankali, "Ta yaya suka koma bayanmu? Kewaye mu suka yi. A ajiye gatari, kowa ya kwanta, kada wanda ya yi ko tari."

Dattijon nan ya raɗa masa, "Ka amsa mana, ka ji abin da yake so."

"In amsa ya san inda muke? A'a."

Haka ƙattai suka kwanta cikin ciyawa, kira yana ta zuwa, har la'asar. Sannan kiran ya tsaya. Sai salati ya tashi, da kukan mata.

Jatau ya zabura ya fizgi adda, ya yanki kurmi a karkace, ya nufi kukan, ƙaya tana yagar jikinsa. Ya faɗo kan hanyar mutanen Maje, shararriya tsaf. A ƙarshenta ga gadon kara a ajiye, an lulluɓe wanda ke kai da zane.

Korau ya ce, "Sai haƙuri, Jatau, Inna Tambai ta cika. Ita ta matsa a ɗauko ta a bi sabuwar hanya, a kai ta gidanka. Muka zo ƙarshen tamu, ba mu ga taku ba. Muna jin gatarinku, ina fara kira kuka yi tsit."

Jatau ya durƙusa yana kuka. Ya ce, "Me ya hana ta kira ni da kanta? Da na ji muryarta, wallahi da na zo a guje."

"Kai ne ɗanta na fari. Yaushe ta taɓa kama sunanka? Cewa take ta yi, 'Korau, ƙara kira mini yaron nan.'"

Can Jatau ya ɗago ya ce, "Ku kuma me ya kawo hanyarku nan?"

Korau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mun ga hayaƙinku ya karkata. Muka zaci kun matsar da wuta, muka yi dama."

Ni abin yana ba ni haushi har gobe, yana kuma ba ni tausayi. Ɗan yankin da Jatau ya sara a karkace, shi ya haɗa hanyoyin biyu. Da masu zuba kwalta suka zo daga baya, gonaki sun cika gefe da gefe, ba wanda ya yarda a taɓa tasa, sai suka bi tsohon sawu.

Shi ya sa har yau duk motar da ta zo wurin sai ta rage gudu, ana kuma ce masa Kwanar Jatau. A wasu garuruwa ana hana yara amsa kira a daji. Mu a nan, in ka ji sunanka a kan hanyar Maje, ka fara amsawa tukuna, sannan ka tambayi wane ne.