Wanda Ya Sauke Uwarsa a Gaban Tudu

Ya 'yan uwa, ni da kuke gani ban taɓa zama a aji ba. Amma shekara arba'in da uku na yi ina riƙe da sitiyari, na binne sa'o'ina kaf, ga ni da ƙafafuna biyu. Don haka in na yi magana a kan mota, a saurara.

An yi wani mutum, ɗa ɗaya tilo a wurin uwarsa, Allah ya hore masa mota. Sai ya ga tsayin da aka ƙera ta da shi bai yi masa ba. Ya kai ta gareji aka yanke mata sifirin, aka sauke ta ƙasa har cikinta ya kusa lasar kwalta. In ya wuce, samari su yi ta fito. Kansa ya kumbura.

To, kowane direba ya sani, in ka sauke mota ƙasa, tayoyi sun bar saitinsu. Samansu ya karkata ciki, gefen ciki kaɗai ke cin titi. Dole a kai ta a saita. Bakaniken da ya yi aikin, wani dattijo, ya ce masa, "Ɗana, hau da ita kan rami a saita tayoyin nan. Awa guda ne."

Ya ce, "Baba, hawan raminku zai goge mini cikinta. Dubi tayoyin, sababbi fil. Tsufa ne ke damun idonka."

Dattijo ya ce, "Daga waje kake kallo."

Ya ba shi hayaƙi ya tafi.

Sai kuma wata masifa. Motar ba ta iya haye tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, in da mutum a baya. Uwarsa kuwa mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, duk mako sai ya kai ta asibiti. Me kuke tsammani ya yi? Ya ɗaga motar? Ina! Duk tudun da suka iso sai ya tsaya ya ce, "Mama, sauka." Ta sauka tana dafa ƙofa, ya lallaba motarsa ya haye a karkace, ita kuma ta biyo shi tana ɗingishi, masu shaguna na kallo. Tudu bakwai ne tsakanin gidansu da asibiti. Bakwai zuwa, bakwai dawowa.

Ta taɓa ce masa, "Ɗan nan, motar nan tana fizgar hannunka, ina gani." Ya ce, "Da nauyinki za ki ji."

Wata huɗu ana haka. Gefen cikin tayar gaba ya cinye har waya ta fito, waje kuwa sumul.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne. A tudu na uku tsohuwa ta kasa saurin sauka, na baya suna ta ham. Ya ja tsaki ya ce, "Ki ƙarasa da ƙafa, likita ma cewa ya yi ki riƙa motsa jiki." Ya haye, ya taka mai, ya bar ta riƙe da katin asibiti.

Bai kai kwanar gaba ba tayar ta fashe. Motar ta fizge, ta daki bakin kwalbati. Da mai tsayi ce, da ta hau ta wuce. Wannan kuwa sai ta naɗe kamar gwangwani. Ƙashin bayansa ya karye. Ita da ya jefar, ko ƙwarzane.

Ina masu fito? Ko ɗaya bai leƙo ba. Yau a keken guragu yake, kuma wa ke tura shi asibiti? Tsohuwar nan, da gwiwar nan. Na gan su da idona a gaban tudu na uku. Ta tura, keken ya dawo. Ta sake turawa, ya dawo. Yana zaune yana zubar da hawaye, shi da ba ya iya sauka ya rage mata nauyi. Wallahi ban ji tausayinsa ba. Ita na kama wa.

Ya 'yan uwa, girman kai daga ciki yake cin mutum, waje na sheƙi. In mai aiki ya ce ka hau rami a duba ka, ka hau. Kuma uwar da ta ɗauke ka wata tara ba ta ce ka sauka ba, kada ka auna nauyinta da ƙarfe.

Allah ya kiyaye mu da fushin iyaye, ya saita mana zukatanmu tun kafin su fashe. Amin.