Jatau da Sauran Ɓawon Maɗaci

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ko sunansa ba a riƙe ba, tun zamanin da fatake ke tafiya da jakuna. Jatau ake ce masa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Mai sassaƙe ne, yana shiga daji da ɗan gizagonsa ya samo wa mutane ɓawon itace da saiwa na magani. Ku saurara, jama'a. Kai ma na bayan can mai gyangyaɗi, buɗe ido, har da kai nake.

Jatau yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin kakarsa. In zai sassaƙi itace, ba ya wuce faɗin tafin hannu, kuma gefe ɗaya kawai. In ya gama, sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin. Mutane na ta dariya, wai Jatau na yi wa itace jinya. Shi kuwa mutum ne mai son sanin dalili. Ya taɓa tambayar kakar, me ya sa gefe ɗaya? Ta ce, "Je ka duba da idonka." Ya yi ta dubawa shekara da shekaru, har ya gane duk itacen da aka zagaye ɓawonsa, kafin damina biyu ya bushe.

To, bakin rafin garin nan cike yake da itatuwan maɗaci. Wata shekara fatake suka zo neman ɓawonsa, mutanen gari suka afka wa itatuwan, kowa da gatarinsa. Aka ɓare, aka ɓare, aka ɓare. Duk suka bushe sai guda ɗaya, shi ma an feɗe shi, saura wani ɗan siririn ɓawo da ya tashi daga gindi zuwa sama. Da shi kaɗai itacen ke rayuwa.

Ana nan sai matar Jatau, Tabawa, ta kwanta. Zazzaɓi da ciwon ciki, kwana huɗu ko kunu ba ya zama. Jatau ya san jiƙon maɗaci take bukata. Ya ɗauki gizago, ƙanenta Ilu ya bi shi.

Da suka isa, Jatau ya tsaya yana kallon ɗan ɓawon nan.

Ilu ya ce, "Yaya Jatau, me kake jira? Sara mana."

"In na sara, ya mutu, Ilu. Kuma babu wani a duk ƙasar nan."

"To ya mutu mana. Itace ka fi so ko yayata?"

Maganar nan ta soke shi, don yana son Tabawa, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai. Ku faɗa mini, in ku ne, me za ku yi? Na san amsarku, ba sai kun faɗa ba.

Jatau ya zauna a ƙasa, ya ɗaga kai yana kallon rassa. Sai tambaya ta zo masa, irin tambayoyin nan nasa: shin ɗacin nan a gindi kaɗai Allah ya ajiye shi? Kowa gindi yake sara don nan hannu ke kaiwa. Wa ya taɓa ɗanɗana na sama? Tsoho ne fa, ya doshi saba'in, gwiwoyi duk sun gaji. Ya ɗaura igiya, ya yi bismilla, ya hau, Ilu na ƙasa yana salati. Ya karyo ɗan reshe, ya ɓare, ya sa a baki. Ɗaci ya sa shi hawaye, yana hawayen yana dariya.

Tabawa ta sha jiƙon ɓawon reshen nan kwana uku, da ikon Allah ta miƙe. Jatau ya koma ya shafe jikin itacen da laka, ya kewaye shi da ƙaya. Itacen ya rayu, ya yi 'ya'ya, iska ta watsa su bakin rafi, suka tsiro. Bayan shekara uku ciki ya murɗe Ilu, har aka fara kiran dangi. Kun san abin da aka jiƙa masa? Reshen itacen da ya ce a bari ya mutu.

Jama'a, ga darasin a fili. Abin da Allah ya shuka a dajinmu amana ce, ba gadon mutum ɗaya ba. Ka ɗebi bukatarka, ka bar masa ransa, ka bar wa na bayanka nasu. Kuma kafin ka ce babu wata hanya, zauna ka duba tukuna. Ba baƙo ne zai zo ya tsare mana itatuwanmu ba, mu muka san su, mu za a tambaya.

Jiya na bi ta hanyar rijiya, na ga ɗorawar nan an sassaƙe ta, saura kaɗan a zagaye. Wanda ya yi yana zaune cikinmu, ban faɗi suna ba. Laka dai tana nan bakin rijiyar, kuma ba a sayar da ita.